Ranar da Na Kai Baba Tantancewar 'Yan Fansho

Assalamu alaikum Edita. Na daɗe ina karanta abin da mutane ke aiko muku, yau na ga gara ni ma in sauke nawa, ko zuciyata ta ɗan sarara.

Lokacin da sojoji suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki, ni matashin tela ne a Kasuwar Kurmi, da kekena ɗaya da rediyo a gefe. Gidanmu yana can cikin wani lungu a Sheshe inda mota ba ta shiga. Ni ne babba a wurin mahaifina, kuma a lokacin zafin siyasa na ɗibata. Duk abin da sabuwar gwamnati ta ce za ta gyara, ni ne mai kare shi a rumfa. Da aka sanar cewa za a tantance 'yan fansho, kowa ya je da kansa a gan shi ido da ido, saboda ana cin kuɗin gwamnati da sunayen matattu, har tafi na yi. Na ce wa abokan ɗinkina ai da haka ake gyara ƙasa, kuma duk wanda bai je ba a yanke masa kawai.

Baba masinja ne da ya yi ritaya daga wani ofishin gwamnati. Mutum ne mai tsafta da kamun kai, har na girma ban taɓa ganinsa a ƙofar gida ba hula ba. Daga baya shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi, hannun dama da ƙafar dama suka daina aiki, harshensa ya yi nauyi, amma hankalinsa garau. Inna, mahaifiyata, ita ke jinyarsa. Da fanshon nan ake sayen maganinsa da hatsin gida, ga shi an ƙara kuɗin mai, komai ya tashi a kasuwa, ɗinkina bai isa ya riƙe gidan ba.

Da na kai masa maganar, sai ya ce in ƙyale shi, ba ya son mutanen da suka san shi a tsaye su gan shi ana ɗauke da shi kamar buhun gero. Inna ta ce in fara zuwa ni kaɗai mana, in tambaya ko akwai sassauci ga marasa lafiya. Ni kuwa na ce doka ce, ba a yi wa kowa alfarma, in aka fara ɗaga ƙafa ai ɓarayi sun samu ƙofa. Baba ya daɗe yana kallona, sannan ya ce to, tunda na zama gwamnati a gidan, a ɗauko masa babbar rigarsa ta Juma'a.

Goya shi na yi daga ɗaki har bakin titi. Maƙwabtan da muka ci karo da su a lungu suna gaishe shi suna kawar da kai, don kada ya ji nauyi. Muka hau tasi zuwa wurin. Da muka isa sai na tarar da harabar cike da tsofaffi, wasu da sanda, wasu jikoki na jansu, ba kujeru, 'yar inuwar da ke akwai an riga an cika ta. Na shimfiɗa masa darduma a jikin katanga. Wani tsohon direba da suka yi aiki tare ya gane shi, ya zo ya zauna kusa da shi yana yi masa fifita da hularsa.

Bayan azahar Baba ya jawo rigata da hannun hagu ya ce mu tafi gida. Na ce layi ya kusa zuwa kanmu. Jim kaɗan ya sake faɗa. Wannan karon har na ɗan ɗaga murya, na ce Baba ka yi haƙuri mana, so kake wahalar nan ta tashi a banza? Ko kusa ban kawo a raina in tambaye shi dalili ba, shi kuma ba irin uban da zai buɗe baki ya gaya wa ɗansa cikin mutane cewa fitsari ya matse shi ba ne. Sai da na ga dardumar ta jiƙe na gane. Kafin in motsa, tsohon direban nan ya tuɓe rigarsa ya lulluɓe shi, ya ci gaba da ba shi labarin wata tafiya da suka yi tare, da murya sama, kamar bai ga komai ba. Baba ya rufe ido, hawaye na bin gefen fuskarsa.

Da aka zo kanmu na ɗauke shi na shiga. Wata Hajiya ce a teburin. Tana ganinmu ta miƙe tana salati, ta tambaye ni wa ya ce in kawo shi a wannan hali. Ta ce ai wanda ke kwance, ɗan uwansa kawai zai zo ya faɗi unguwa, su bi shi gida. Ita da kanta ta durƙusa ta ɗaga shanyayyen hannun ta dangwala yatsansa, tana cewa Baba ya yafe musu. Ya sa mata albarka. Ni bai dube ni ba har muka isa gida.

Bai taɓa yi mini faɗa a kan ranar ba. Sai dai daga nan ya hana a fitar da shi zaure inda abokansa ke zuwa gaishe shi, kuma abinci ma sai Inna ta yi ta lallashi. Da na ga jikin ya ƙara tsanani na durƙusa a gabansa na nemi gafara. Ya ce ya yafe tun muna cikin mota, amma in riƙa tambaya kafin in yanke hukunci a kan wanda ba zai iya tashi ya bar wurin ba. Damina ba ta ƙare ba ya rasu.

Na san ajali ne, Inna ma ba ta taɓa ɗora mini laifi ba. Har yau ban ce tantancewa kuskure ba ce, don ɓarayi na nan. Amma ina roƙon masu tsara irin waɗannan dokoki, yadda suke sa barazanar yanke fansho ta shiga kowane lungu, su sa labarin sassaucin ma ya shiga. Ku kuma masu tsofaffi a gida, in sun ce a'a, ku tsaya ku ji me ke bayanta, domin ba kome suke iya faɗa mana ba. Yau furfura ta cika kaina, ƙafata ta fara ciwo, kuma na fara gane nauyin abin da Baba ya kasa gaya mini a jikin katangar nan. Wanda ya karanta, ya sa shi a addu'a.