Shekarar da Na Kasa Goyon 'Yata

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ban rubuta komai a nan ba, har wasunku suka bi ni ta waya suna tambayar ko lafiya. Lafiya lau. Wani labari ne nake ta juyawa a raina, wanda na fi shekara talatin ban zauna na ba kowa ba.

A farkon shekarun casa'in ina koyarwa a firamare a Kiru, na haifi 'yata ta fari. Ba zan kama sunanta ba, kun san mu da 'yar fari.

Ban gama wankan jego ba fatar idona ta dama ta fara saukowa. Da safe garau nake. La'asar na yi sai idon ya rufe rabi, in dubi Inna mahaifiyata in ga Inna biyu.

Inna ta ce, "Jego ne. Sha kunun kanwa, zai wuce."

Bai wuce ba. Loma kaɗan zan yi muƙamuƙina ya gaji. In na sha ruwa ya dawo ta hanci. An yi rubutu, an yi hayaƙi, mai kemis ya ba ni maganin ƙarin jini.

Rannan na ɗaga yarinyar zan goya ta, hannuwana suka saki. Ta zame ta faɗa kan katifa. Ba ta ji ciwo ba, har dariya ta yi. Ni kuwa daga ranar ban ƙara yarda na ɗauke ta ba.

Da numfashi ya fara yi mini nauyi, Malam, maigidana, ya ɗauko shatar mota zuwa wani babban asibiti a Zariya. Yarinyar kuma aka kai ta ƙauyen Ba'awa wurin Yaya Rabi, matar yayana, da ke shayar da nata ɗan.

A asibiti an ɗebi jini, an ɗauki hoton ƙirji, an sa mini robar abinci ta hanci. Wani likita ya ce in kalli silin kada in ƙifta. Yana tsaye idon ya sauko. Ya yi mini allura a jijiya, nan take ido ya buɗe tar, murya ta dawo. Inna ta yi kabbara. Kafin ta gama murna komai ya koma yadda yake.

Likitan ya ce, "Malama, mun gano shi. Mayasteniya sunansa. Jijiyar da ke kai saƙo ba ta taɓa tsoka, akwai ɗan rata tsakaninsu. Wani sinadari take saki ya tsallaka, tsokar ta karɓa ta motsa. A ƙwaƙwalwa ma haka jijiyoyi ke magana da juna. Ke garkuwar jikinki ce ta toshe wuraren karɓar. Ana ta sallama, masu gida ba sa ji."

Malam ya ce, "Likita, ana warkewa?"

"Ana rayuwa da shi. Wasu yakan lafa musu."

Ƙwaya iri biyu aka ɗora ni a kai. Ɗaya tana sa sinadarin ya jima a ratar nan kafin ya baje. Tana murɗa ciki, tana kawo yawu. Ɗayar kuma ta kumbura mini fuska. Ba a samunsu a Kiru, kuma da tsada. Malam ya sayar da bijimin nomansa, aka haɗa da keken ɗinkina.

Na ji tsoron mutuwa, ba zan ɓoye ba. Amma abin da ya fi cin raina daban ne.

Nonona ya cika ya yi tauri, yana jiƙa mini riga, daga baya ya ƙafe. Duk jaririn da ya yi kuka a ɗakin da ke kusa da namu, sai in juya fuska bango. Ina so in san ko ta fara zama. Ko haƙori ya fito. Ko tana yarda da Yaya Rabi. Kunya ta hana ni tambaya. Duk wanda ya zo dubiya sai in ce, "Ya mutanen Ba'awa?" Ya ce, "Suna gaishe ki." Shi ke nan.

Inna ce kaɗai ta gane. Tana shafa mini mai a ƙafa, ba ta dube ni ba, ta ce, "Waccan mai ƙiriniyar an ce ta fara rarrafe. Ba ta barin kwanon kowa."

Da wannan maganar na yi ta rayuwa har aka cire robar.

An sallame ni bayan an gama girbin dawa, amma hannuwan ba su yi ƙarfin riƙon yaro ba sai da wata damina ta zagayo. Ranar da aka kawo ta tana tafiya da ƙafarta. Na miƙa hannu. Ta dube ni, ta ruga ta ɓuya a zanin Yaya Rabi tana cewa, "Umma."

Yaya Rabi ta yi kuka. Ni na yi murmushi, don akwai mutane.

Sannu a hankali yarinyar ta saba da ni. Na koma aji, aka rage magani, ciwon ya lafa. Yau ita ke kai ni ganin likita. Amma watannin nan na goyo, har gobe ina kewarsu.

Alhamdu lillahi. Allah ya jiƙan Inna da Malam. Allah ya saka wa Yaya Rabi, da likitan nan, da nas-nas ɗin da suka yi ta juya ni.

Don Allah, in kun ga ido na saukowa da yamma, ko tauna na gajiyar da mutum, ko ruwa na dawowa ta hanci, ku nufi babban asibiti. In numfashi ya yi nauyi kada a jira gobe. Mai ciwon kada ya sha wani magani sai ya gaya wa likita, don wasu na tayar da shi.

In kuma mai jego ce ke kwance, kada ku jira ta tambayi ɗanta. Ba za ta tambaya ba. Ku dai kai mata shi.