Tulu Huɗu a Firizata

Mijina Bartholomew mai gyaran firiji ne, ko in ce da can shi ne. A Jos yana da shago a Tudun Wada, kuma da ya kara kunne a bayan firiji zai gaya maka ciwonsa. Shekararmu goma sha bakwai a Manchester, ba wanda ya taɓa kiransa gyara. An ce sai da takardar shaida, ya zauna jarrabawar sau biyu, Turancin ya kayar da shi, ya haƙura. Nan kuwa in abu ya lalace waje ake fitar da shi a kwashe. Yanzu gadajen marasa lafiya yake turawa a asibiti, ya dawo gidanmu na Moss Side da ƙafafu a kumbure, ya zauna shiru. Ni kuma tsofaffi nake kula da su. Mun gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta.

Bara ɗanmu Ethan ya kawo mana Delight, yarinyar da yake son aura. Iyayenta suna Birmingham, 'yan yankin su mijina ne, can bayan Zonkwa. Mahaifinta, Jabez, akanta ne mai ƙaton gida. Ya ce a waya auren coci ba matsala, amma neman aure sai an yi irin na gida: tulu huɗu na burkutu, ba kwalaben kanti ba. Ni dai na san inda ya dosa. Bai so ya ce wa mai tura gado a'a da bakinsa, sai ya aiko da abin da yake ganin ba za mu iya ba.

Ethan ya shiga damuwa har ya rame. Ubansa ya dube shi ya ce shi zai dafa.

Na yi dariya, don a wajensu dafa giya aikin mata ne, ni kuwa 'yar zumuntar matan coci ce, ko ɗanɗana ban taɓa yi ba. Na san mahaifiyarsa da sana'ar ta yi masa makaranta, amma tun da ya shiga mawaƙan coci ya daina maganar, kamar abin kunya ne. Ashe sana'ar tana nan a hannunsa. Ya sayo jar dawa, ya jiƙa, ya shimfiɗa ta a kabad ɗin da tankin ruwan zafi yake, har ta yi tsiro. Gidan duk ya ɗauki wari, tufafin aikina ma ba su tsira ba.

Matsalar ita ce tukunyarmu ɗaya ce, hutunsa kuma kwana ɗaya a mako. Tulu huɗu mako huɗu ke nan, giyar kuwa kwana uku ta yi tsami. Sai an samu inda tulun farko zai jira na ƙarshe, da sanyin da zai kwantar da ita ba tare da ta daskare ba. A nan idonsa ya faɗa kan firizata.

Wannan firiza doguwa ce mai murfi a sama, ni na saye ta da guminna, cike take da kaji da kifi da ganda. Na yi masifa, na ce wanda ya taɓa ta sai ya ga abin da ya ture wa Buzu naɗi. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Maman Ethan, aron wata biyu kawai."

Na raba naman gidajen 'yan coci, ina tafe ina mita.

Ranar da ya buɗe akwatin kayan aikinsa, wanda ya yi shekaru a ƙarƙashin bene, sai na ga wani mutum dabam. Ya cire murfin firizar, ya haɗa katako kewaye da bakinta don ta ƙara tsawo, ya mayar da murfin a kan katakon. Na tambaye shi me ya sa ba zai huda jikinta ba kawai. Ya kalle ni kamar na zagi iyayensa, ya ce bututun gas a cikin bangon yake, huji ɗaya ta mutu. A katakon ya yi huji ya sa famfo. Ya samo tulunan ƙarfe na hannu, irin na gidajen giya, da wata 'yar na'ura mai kashe firizar ta kunna ta, ya saita ta a kan lamba huɗu.

Tulun farko asara ya zama. Gindinsa ya yi ƙanƙara, samansa ya yi tsami. Ya tsiyaye shi a makwarara, na tausaya masa ƙwarai, ko da yake ban nuna ba. Washegari ya ce sanyi ne yake kwanciya a ƙasa, ba mai motsa shi. Ya ciro 'yar fanka daga tsohuwar kwamfutar Ethan ya ɗaura a ciki, ya manna ma'aunin sanyi na na'urar a ƙugun tulu, ya sa katako a ƙasa don kada tulunan su taɓa gindin firiza. Daga baya dusa ta toshe bututun da ke zuƙo giyar daga gindin tulu, ya yanke bakinsa. Kullum da safe kafin ya fita sai ya ja zoben kowane tulu iska ta fita, don giyar ko a sanyi ba ta daina aiki gaba ɗaya. Ya rubuta lambar sanyin saman firizar da ta ƙasanta a bayan ambulan. Da suka zo daidai, huɗu da huɗu, ya kira ni in gani. Ni da na dawo daga wanke tsofaffi tara, lamba ce ta dame ni? Amma na duba.

Wata Asabar muka yi hayar mota, aka ɗaure firizar a baya da barguna, muka nufi Sparkbrook, unguwar su Jabez a Birmingham. Falon Jabez cike da dangi. Bayan gaisuwa aka shigo da tulunan, mijina ya tsiyaya a ƙwarya ya miƙa da hannu biyu. Sai ga shi ba mai sha. Jabez likita ya hana shi, wansa dattijon coci ne, sauran kowa tuƙi zai yi. Mako biyar na wahala! Jabez ya leƙa ƙwaryar, ya ga giyar kwance ba motsi, ya ce, "Sorry, amma wannan ai ta mutu. A gida da ranta ake kawo ta."

Na dubi Ethan, kansa a ƙasa.

Kakar Delight, mahaifiyar Jabez, tana zaune a kusurwa cikin rigunan sanyi uku, ba ta jima da zuwa daga gida ba. Ta miƙo hannu aka ba ta ƙwaryar. Ta tsoma yatsa, ta janye, ta ce ana so a ƙarasa mata sauran haƙoranta ne? Ta sa aka ajiye ƙwaryar kusa da hita, ta ce kowa ya yi shiru. Muka zauna muna kallon ƙwarya kamar masu jiran haihuwa. Can sai ƙananan kumfa suka fara tasowa, ɗaya, biyu, har fuskarta ta cika. Tsohuwar ta kurɓa, ta juya a baki, ta sake kurɓa.

Ni ta kalla. "Ke kika dafa?"

"Ni ne, Mama," in ji mijina.

Ta daɗe tana kallonsa. "Uwarka ba ta haifi mace ba ke nan."

"Ta haifi biyu, Mama. Ba su zauna ba, sun koma."

Shekara ashirin da takwas ina tare da mutumin nan, ban taɓa jin wannan ba. Kunya ta kama ni, da baƙin ciki. Tsohuwar ta gyaɗa kai, ta ce wa ɗanta ya tashi ya karɓi tulunan mutane, ya daina tsayuwa kamar turke. Jabez ya tashi.

An ɗaura auren a watan Yuli. Litinin ɗin da ta biyo baya Bartholomew ya koma tura gadajensa, ƙafafun kuma ba su fasa kumbura ba. Firizar tana nan a kicin da katakonta, ba komai a ciki, fankar tana juyawa. Kowace safiya sai ya tsaya ya duba lambar kafin ya ɗauki jakarsa. Namana ina cusa shi a ƙaramin firiji, ƙofar da ƙyar take rufuwa. Wata biyun aro sun wuce tuntuni, ban ƙara tambayarsa yaushe zai cire katakon ba.