Ƙattin da Ba Su Iya Ƙirga Kansu Ba

Ni dai tunda nake ban taɓa ganin taron ƙattin banza irin 'yan ƙwallon da maigidana yake goyon baya ba. Ba ƙwallon ƙafar da muka sani nake nufi ba. Ta Amurka ce, wadda ake kifa hular kwano a ka, a cusa roba a kafaɗa, a rungumi wata aba mai kama da gwanda a yi ta gudu ana kayar da juna. A can ya kwaso cutar, lokacin da ya je digirinsa na biyu a wani gari mai ƙanƙara, tun kafin aurenmu. Mutane suna dawowa daga Amurka da abin arziki, shi ya dawo da ƙungiyar da ba ta cin wasa. Da aka sake turo shi ƙaro karatu Kuala Lumpur, haka ya lallaɓo ta ya taho mana da ita har unguwar Pantai Dalam, cikin ɗan falon da ko tabarma biyu ba ya ɗauka.

Yawancin wasanninsu da asubar Litinin suke faɗowa a agogonmu, don haka sai da yamma yake kallon maimaici, bayan ya dawo daga jami'a. Duk wunin ranar ba ya buɗe waya, kada wani ya ɓata masa labari. Wane labari, fisabilillahi? Ni da ke kicin ina iya gaya masa yadda za ta ƙare. Mai jifansu zai tsaya da ƙwallo yana waige-waige kamar wanda ya ɓata a kasuwa, har a zo a danne shi. In ya samu ya jefa, to ko dai sama da kan kowa, ko kuma cikin hannun abokan gaba, a miƙe, kamar saƙo aka ba shi ya kai musu. Masu tsare shi kuwa, ka ga ƙato kamar rumbu, wuya ya fi cinyata kauri, amma ɗan siririn yaro zai bi ta gefensa ya wuce yana tsaye yana kallo. Kocinsu yana bakin fili da wani ƙaton kwali ya rufe baki da shi, wai kada a gane dabararsa. Dabarar me? Wa zai sata?

Ba don Allah na koyi wasan ba, ƙanƙantar gida ce ta koya min. Kuma da ban kula su ba har abada, in ba don yaron nan ba.

Ɗanmu na fari nake nufi. Da Hausarsa muka sauka da shi ƙasar nan, rangaɗaɗau, har surutu ya yi masa yawa. Shekarun makaranta suka cinye ta. Turanci a aji, Malayanci a filin wasan ƙasan bene, ya dawo gida in ce ya ci abinci, ya ce min ya riga ya makan, wai ya ci ke nan da Malayanci. Yana jin duk abin da na faɗa, amma amsa sai da Turanci, da lah ɗin nan nasu a ƙarshen kowace magana. Na hana Turanci a kan abinci, sai ya koma cin abinci shiru kamar baƙo. Na yi faɗa, na yi lallashi, na yi kuka a banɗaki.

Abin da ya fi ci min rai shi ne Hajiyarmu, mahaifiyata. Kowace Lahadi bayan la'asar, lokacin hantsi ne a Kano, nake kiran ta ta bidiyo. Hajiya mace ce mai wasa da jika. Duk jikanta namiji mijinta ne, kuma ba ta raga wa ko ɗaya. Tana ganin fuskarsa za ta fara.

"Ina ragon mijin nan nawa? Kai, ko sabulu ba ka aiko min ba, haka ake riƙon mata a garinku?"

Shi kuwa sai ya ce, "Ina kwana, Hajiya. Lafiya lau." Hausar ta ƙare ke nan. Ya yi murmushi, ya miƙo min wayar ya sulale ɗaki.

Wata Lahadi bayan ya sulale, Hajiya ta ce min, "Sauran mazajena har zanina suke ja, su ce na tsufa za su sake ni. Wannan kuwa kin kai shi kin mayar min da shi baƙo. Girmama ni yake kamar wata malamarsu." Ta yi dariya, amma na san dariyar uwata. A lokacin ciwon suga ya riga ya fara kumbura mata ƙafa, mu kuma babu ranar komawarmu. Tsoron da nake kwana da shi ke nan, kada ta bar duniya yaron nan bai taɓa tsokanar ta ba ko sau ɗaya.

Wata Litinin da yamma ina soya albasa, sai na ji an ce daga falo, "Kai, wannan wane irin sakarai ne? Hannu ne da kai ko ludayi?"

Na ɗauka Abbansa ne, don maganarsa ce sak. Amma muryar ta yi siriri. Na leƙa da cokali a hannu. Yaron nan ne a tsaye gaban talabijin, ya riƙe ƙugu, yana yi wa wani ƙaton Ba'amurke faɗa da Hausa. Ashe duk shekarun nan da yake zama kusa da uban, kwashewa yake. Maigida da Turanci yake koyarwa, da Turanci yake rubutu, amma in ƙungiyar nan ta ƙona masa rai Turanci ba ya isar sa, sai ya koma Hausar cikin gari. Na koma kicin na tarar albasa ta ƙone, ban ma ji haushi ba.

Daga nan na sa ido, na gane yadda abin yake. In suka yi abin kirki, wanda ba kasafai ba, da Turanci yaron yake ihu. In suka yi shirme, sai Hausa ta zubo: shashasha, gaɓo, ci-ma-zaune, 'yan asara, Allah wadaran naka ya lalace. Sai na koma ina fatan su sha kashi. Gaskiya ba su taɓa buƙatar fatana ba, da kansu suke yi.

A wata shekara, ban san ta inda aka yi kuskure ba, suka lallaɓa har suka kai wasan da in sun ci za su shiga zagayen manya. Wasan ya faɗo safiyar Lahadi a wurinmu, kai tsaye. Maigida ya dawo daga masallaci ya biya wurin mamak, mai shayin ƙasan bene, ya yi mana tapau, wato ƙunshin roti da shayi na tafiya gida. Ya ɗora rigar ƙungiyar a kan jallabiya, dattijo da furfura a gemu, ko kunya babu. Yaron ma ya sa tasa. Ni na jawo kujera na ce yau sai na ga ƙarshen ƙarya.

Rabin farko, abin mamaki, kamar mutane. Mai jifa yana jefa wa nasa, masu kamawa suna kamawa. Suka ba da tazara mai kyau. Falo ya cika da Turanci, raina ya ɓaci. Maigida ya juyo yana washe baki ya ce, "Maman yara, yau me za ki ce?" Na ce masa a dawo daga hutu tukuna, na san halin kayana.

Aka dawo, suka koma gidansu na gaskiya. Jifa biyu a jere cikin hannun abokan gaba. Masu tsaro suka fara kama iska. Alƙalin wasa ya yi ta jefa musu ƙyallen nan rawaya na laifi har na tausaya wa kafaɗarsa. Tazara ta narke. Sai ga wani daga cikin 'yan Maigida ya sami ƙwallo, ya ɓalle da gudu, fili fetal babu kowa a gabansa. Uba da ɗa suka miƙe suna tsalle. Bawan Allahn nan, saura taku ɗaya ya tsallaka layin da ake cin maki, ya saki ƙwallon ƙasa don ya fara rawa. Rawa! Yana karkaɗa ƙugu, wani ya zo ya tsince ta a bayansa. Ko 'yar talla ba ta sauke farantinta sai ta shiga zaure.

Duk da haka da ɗan rinjayensu aka zo daƙiƙun ƙarshe. Abokan gaba suka samu bugun ƙafa guda, in ta shiga tsakanin sanduna sun ci, in ta kauce an gama. Aka buga, ta kauce. Maigida ya faɗi ya yi sujada a kan kafet. Kafin ya ɗago, ga ƙyalle rawaya a ƙasa. Mutum goma sha ɗaya doka ta ce su tsaya a fili, 'yan Maigida su sha biyu suka tsaya. Da koci, da mataimakansa masu waya a kunne cike da bakin fili, babu wanda ya ƙirga. Aka matso da ƙwallo kusa, aka sake bugawa, ta shige tsakiya ɗas.

Maigida ya cire rigar ya ninke ta, ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa. Yaron nan kuwa wuni ya yi yana zagaye gida yana ƙunƙuni, ko abincin rana bai taɓa ba.

Bayan la'asar na kira Hajiya. Tana zaune a tabarma, an ɗora mata ƙafa a kan filo. Na juya wayar wajensa, ya gaishe ta da fuska a murtuke.

Ta ce, "A'a, wa ya taɓa min miji? Ko kishi kake an ce maka na yi sabon saurayi?"

Ina jira ya miƙo min wayar. Sai na ji ya ce, "Hajiya, wasu 'yan asara ne."

"Su wa?"

"'Yan ƙwallon Abba. Hajiya, wallahi ba su da hankali. Wani gaɓo ya yar da ƙwallo yana rawa."

Na zauna a hannun kujera ina sauraro. Hajiya ta gyara zama, ta matso da fuskarta har hancinta ya cika wayar. Ba ta san ƙwallon Amurka ba, ba ta san ta Kano ba ma, amma ta san yadda ake jan yaro da magana.

"Rawa kuma? Biki ake?"

"Ba biki ba ne! Bai shiga ba tukuna, ya yar!"

Ya ba ta labarin wasan tun daga farko. Hausar tana tuntuɓe, yana cusa Turanci inda ya rasa kalma, yana mayar da mace namiji, amma yana tafiya. Da ya zo kan mutum sha biyu, Hajiya ta tafa hannu ta yi salati.

"Sha ɗayan ne ba su iya ƙirgawa ba? Ni da ban shiga aji ba, kullum magariba sai na ƙirga awakina, ban taɓa shigo da ta maƙwabta ba. To kai ma ragon ne irinsu, shi ya sa kake bin su."

"Ni ba rago ba ne!"

"Rago mana. Miji ba cefane."

Na ga bakinsa yana motsi yana neman abin faɗa. Sai ya riƙe ƙugu da hannu ɗaya, irin tsayuwar da yake yi gaban talabijin, ya ce, "Ke ma ai ci-ma-zaune ce, Hajiya. Kin tsufa, ko gudu ba kya iyawa. Na sake ki."

Na zabura zan kwaɗe masa baki, sai na ji Hajiya ta fashe da dariya. Ta yi ta yi har da tari, har ƙanwata ta kawo mata ruwa. Tana share hawaye da bakin mayafi tana kiran mutanen gida, "Ku zo ku ji, mijina na Malesiya ya sake ni! Yau na yi miji!"

Daga ranar Lahadi ta zama tasu. Kafin ma ya gaishe ta za ta ce, "Yaya ragwayen naka, sun koyi ƙirga?" Kakar wasa ta ƙare, suka ci gaba da faɗansu a kan sabulu da cefane da wanda zai saki wani. Da aka koma wasa, ƙattin nan ba su ba ta kunya ba, kusan kowane mako da sabon shirmen da za a kai mata. Ko sau ɗaya ban ji na gode musu ba. Ba don mu suka yi ba, iyakar iyawarsu ke nan.

Hajiya ba ta ga ƙarshen wannan kakar ba. Aka bugo mana wata Alhamis cewa Allah ya yi mata rasuwa, kuma ba mu samu zuwa ba. Matan 'yan uwanmu ɗalibai daga unguwannin Cheras da Sentul suka cika ɗan falon nan kwana da kwanaki, talabijin a rufe da zani.

Bayan an watse, wata Litinin da yamma uban ya kunna wasa, don gidan ya yi shiru da yawa. Ina kicin ina jin su. Aka sake lallasa su, yadda aka saba. Can sai ga yaron nan a bakin ƙofa, da wayata a hannunsa. Ya buɗe ta har ya kai kan hoton Hajiya, ya tsaya.

Ya ce, "Umma, sun sake yi."

Na kashe murhu, na jawo masa kujerar tsugunno. Na ce, "Zauna ka gaya min. Wane sakaran ne yau?"