Baba Ya Ce Iska Ce Ke Ƙona Wakensa

Shekara tara ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Sule, manomi a wani ƙauye da ke gefen hanyar Gezawa. Allah Ya jiƙansa. Har ya bar duniya wasu na cewa tsufa ya ruɗa shi. Ban yarda ba a lokacin, yau ma ban yarda ba.

A daminarsa ta ƙarshe, ganyen wakensa ya riƙa yin ɗigo-ɗigo masu ruwan ƙasa ta sama. Tsofaffin ganye ke farawa, su yi rawaya, su zube tun wake bai cika ba. Ya juya ganye, babu tsutsa, babu ƙwaro. Mai sayar da maganin feshi ya ce cuta ce. Baba ya yi feshi sau biyu a banza. Da mutumin ya kawo kwalba ta uku, Baba ya ce, "Mayar da abinka, Alhaji. Iskar nan ce ke ƙona su." Aka yi ta dariya a majalisa.

Sai da na shiga karatun aikin gona na ji sunan abin: ozon. Hayaƙin motoci da janareto da ƙona daji ke haɗuwa da zafin rana su haifar da ita. Ba a ganinta. Takan taso daga birni ta sauka gonaki, ta shiga ƙananan ƙofofin da ganye ke numfashi ta cikinsu, ta ci shi ta ciki. Hoton da malaminmu ya nuna, ganyen Baba ne sak. Ba zan rantse ita ce ba, don ba wanda ya taɓa zuwa ya auna iskar garinmu. Kukana ke nan, kuma ba zan yi shiru ba.

Da Baba zai ga tirelolin da ke bin hanyarmu yau, da janareto a ƙofar kowane shago, na san ba zai zauna yana tsaki ba. Gona zai nufa. Ko a wancan lokaci, in ya ga gindin waken da ya tsaya kore, sai ya ce, "Hadiza, ɗaura wa wannan tsumma." Daga nan yake cire iri.

Irin nan yana hannuna, ina shukawa duk damina. Bana mata huɗu suka zo nema. Na ɗiba musu, na ce kowacce ta tafi gona da tsumma a hannu.