Katin Musa, Hannun Ilya

Cikin duk ranakun da na yi ina yi wa jarirai allurar rigakafi a Arlit, akwai wata Laraba da ban taɓa mantawa da ita ba. Lokacin zafi ne, 'yan shekaru kafin in ajiye aiki, ga ƙyanda ta fara ɓulla a unguwannin bayan gari. Ni ce mai kula da ɗakin rigakafi a asibitin wani kamfanin haƙar yuraniyom. Shugabana shi ne Majo Alhuseini, babban malaman jinya, Ba'abzine daga wajen Gougaram, mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Ni kuwa kun san ni, ɗaga murya ba ya yi mini wuya.

Bari in yi wa wanda bai san tsarin ba bayani. Kowane ma'aikacin kamfani yana da inshorar lafiya, abin da muke ce wa asurans. Ana ba shi kati, a ba matarsa, a ba duk ɗan da aka kawo takardar haihuwarsa. Maganin rigakafin kansa na gwamnati ne, kyauta yake zuwa mana. Amma duk zuwan da yaro ya yi, akwai awo da dubawa da aikin hannunmu, don haka sai in cika 'yar takarda in sa hannu, ta tafi ofishin ma'aikata, su biya asibiti. Doka kuma tana manne a bango: wanda ya ba wani aron kati, a bakin aikinsa. A Arlit kuwa rasa aikin kamfani ya wuce rasa albashi. Gidan da kake ciki nasu ne, ruwa da lantarki nasu ne, ranar da aka sallame ka za a fara tambayarka makulli.

Ranar nan sai ga Zainabu, matar Isufu direban babbar motar kwasar dutse, 'yar ƙasar Tahoua, mace mai fara'a da yawan gaisuwa. Ta miƙo katin ɗanta Musa da littafin allurarsa, an zo ta wata tara, wato ta ƙyanda. Na san Musa sarai. Ni na yi masa allurar haihuwa, wadda take barin tabo a hannun hagu, kuma tasa ta yi ruwa sosai har uwar ta dawo tana yi mini ƙorafi cewa na ɓata wa ɗanta hannu. Allurai uku da suke biyo baya a cinya ake yin su, yaro yana naɗe a zane, ba mai duba hannu. Ta ƙyanda kuwa a dantse ake yi. Na zare wa yaron riga, na juya hannun hagu, na ga fata sumul.

Gaskiya ne ba kowane yaro yake yin tabo ba, amma tabon da ya riga ya fito ba ya gogewa. Na ajiye allurar, na tura ƙofa, na ce, “Zainabu, wannan ba Musa ba ne.”

Ta ce, “Ɗana na, Madam.”

Raina ya ɓaci, don na tsani a raina mini hankali a kan aikina. Na ce, “Ni za ki yi wa haka? Ina tabon da kika zo kika cika mini kunne a kansa? Kin san abin da takardar can ta bango ta ce kuwa?”

Sai ta rungume yaron. Ta ce, “Wallahi ban yi miki ƙarya ba. Sunanshi Ilya. Uwarshi 'yar garinmu ta, unguwar Bukoki take zaune. Mijinta ya tahi Tchibarakaten neman zinariya, har yau ba labari. Ta haihu gida, zazzaɓi ya kama ta, ba ta tashi ba. Ni na ɗauko shi. Nono guda sunka sha da Musa. In ba ɗana ba ne, ɗan wa na?”

A addini da al'ada babu wanda zai ce mata ba haka ba ne. Sannan na tambaye ta abin da ya fi damuna: tun yaushe take kawo Ilya da katin Musa? Amsar da ta ba ni ce ta sa na nemi kujera na zauna.

Ta ce, “Ba kullum ba, Madam. Rabawa nike. In na kawo Musa wanga karo, karo na gaba in kawo Ilya. Kati guda muke da, mi zan yi? In ba guda duka in hana guda? Ranar Lahira mi zan ce ma uwarshi?”

Ashe baiwar Allah rabon adalci take yi, yadda take raba musu nono. Ba ta san cewa allurar rigakafi ba ta rabuwa ba. Littafi ya nuna yaro ɗaya ya kusa kammalawa, alhali yara biyu ne kowanne da rabi, ga ƙyanda a gari. Ba ta kuma san cewa da ta kai Ilya asibitin gwamnati da an yi masa duka ba tare da an tambaye ta ko sisi ba. Tun da aka kawo ta Arlit a gidajen kamfani take, a saninta lafiya da kati ake samunta. Fushina ya tafi, tausayi ya zo, sai kuma tsoro. In na sa hannu da sunan Musa, na yi ƙarya, kuma Musa ya rasa allurarsa ke nan har abada a rubuce. In na faɗi gaskiya, aikin Isufu yana iya tafiya.

Na je na sami Majo na zayyane masa. Na ce, “Majo, mu rufe maganar nan tsakaninmu. Wa zai sani?”

Ya daɗe yana juya ɗan kofin shayinsa. Shi Hausarsa ba ta raba mace da namiji, kowa “kai” ne. Ya ce, “Madam Rabi, kai ka sani, ni na sani. In mun ɓoye yau, gobe wani ya gano, su kore Isufu, su kore ka. Yaro ka yi masa allura yanzu, maganin na gwamnati ne, ba na kowa ba. Maganar kati kuma, ni da kai za mu kai ta da ƙafarmu.”

Ban ji daɗi ba, na kuma gaya masa ban ji daɗi ba. Amma na koma na yi wa Ilya allurar ƙyanda, na buɗe masa sabon littafi irin na gwamnati da sunansa. Na aiki Zainabu ta ɗauko Musa, shi ma na yi masa, na zauna da ita muka bi zuwa ɗaya bayan ɗaya har muka gane wanda ya sami wacce, na tsara wa kowanne yadda zai cike abin da ya rasa.

Washegari da hantsi muka hallara a ofishin shugaban ma'aikata: ni, da Majo, da Zainabu goye da yaro ɗaya tana riƙe da ɗaya, da Isufu da aka kira daga bakin aiki, da hular kwano a hannunsa. Duk sanyin ofishin nan gumi yake yi. Shugaban ya karanta mana dokar daga farko har ƙarshe, kamar ba mu muke wuce ta kullum ba. Ya dubi Isufu ya ce, “Ka san matarka tana yin haka?”

Isufu ya ce, “Maganar allura ban sani ba, ranka shi daɗe. Amma ni na ce ta ɗauko yaron. In akwai laihi, nawa na. Kar a taɓa ta.”

Majo ya yi bayani a natse, cewa maganin ba na kamfani ba ne, kuma kowane zuwa yaro ɗaya aka duba, ba a taɓa biyan na biyu ba. Ni kuma bakina ya ƙi zama. Na ce, “Shugaba, wannan matar ba sata ta yi ba, maraya ta shayar. Kuma laifin har da namu, don ba wanda ya taɓa gaya mata allurar nan kyauta ce.” Majo ya taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur, na yi shiru.

Shugaban ya juya ga Zainabu ya ce, “To, cikin biyun nan wanne ne naki?”

Ta dube shi da mamaki ta ce, “Duka.”

Ya cire tabarau ya murza ido. Ina jin numfashin Isufu daga inda nake. Can shugaban ya ce ba zai iya yin kamar bai ji ba, zai rubuta wa Isufu takardar gargaɗi ta shiga tarihin aikinsa, kuma in aka ƙara, ba zai saurari kowa ba. Sannan ya ce, “Akwai abin da ba ku sani ba. Ku je kotu a ba ku takardar riƙon yaron nan. In kun kawo ta, dokar nan da na karanta muku ita ce za ta ba shi katinsa.”

Da muka fito, Isufu ya zauna a kan dakalin bakin ofis, ƙaton mutum, ya rufe fuska da hular kwano. Ya ɗago ya ce da Majo, “Wato gobe in tahi aiki?” Majo ya ce, “Yanzu ma ka koma, motarka tana jira.” Zainabu kuwa ba ta ma kula da su ba. Ta ja ni gefe ta ce, “Madam, wato yanzu kowanne za a ba shi tashi cikakka? Ba a rage ma kowa?” Na ce mata ba za a rage wa kowa ba. Nan ta fashe da kuka, ni ma da nake jin kaina da taurin zuciya ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba. Takardar kotu ta ɗauki watanni, an sha kai da kawowa, amma ta fito, kuma duk yaran biyu sun kammala allurarsu a hannuna.

Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, kati yana ƙirga 'ya'yan da aka haifa, mutanenmu kuwa suna ƙirga 'ya'yan da suke riƙewa. A garin nan da maza suke shiga hamada su daɗe ba labari, gidaje da yawa akwai yaron da ba ya cikin takardar kowa, kuma wadda take riƙonsa tsoro ne yake hana ta faɗa. Majo ya yi gaskiya da ya hana ni ɓoyewa, don da mun rufe maganar da Ilya bai sami nasa katin ba. Saboda haka, ku da kuke kan teburin rigakafi yanzu, ku gaya wa kowace uwa da bakinku cewa rigakafi kyauta ne, da kati ko ba kati. Kuma kafin ku ce mata “Ina katinki?”, ku fara tambayarta, “Yara nawa kike shayarwa?”