Fanna Jandarma da motar da ba ta da ƙafa

A Difa, in ka ce Fanna, mata ashirin za su waiwayo, har da akuyar wata. Amma in ka ce Fanna Jandarma, ita kaɗai ce: matar Maina mai lambun tattasai, gajeriya, mai muryar da ke sa kaji gudu. Ba ta taɓa sa kaki ba. Karatu kuwa, ko sunanta aka rubuta mata, a kife take riƙe takardar. Daminar 1999 ce ta ba ta sunan.

Da rani kogin Komadugu yashi ne zalla. Masu lambu su haƙa ramuka a cikinsa, wani ya shanye tsawon maza biyu, suna jan ruwa da inji. Damina na kamawa sai sabon ruwa ya gangaro daga Najeriya, ja kamar kunun kanwa, ya rufe komai. Nan iya gwiwa, taku ɗaya gaba babu ƙasa. Cikin irin wannan rami Khalilu, ƙanen Fanna, ya tafi shekarar aurenta, mutane na tsaye suna yi masa ihu. Tun ranar ta rantse ɗan da ta haifa ba zai sa ƙafa a sabon ruwa ba.

Rantsuwa ba wuya. Sai ga lakwal, wato makarantar boko, an rufe wata uku cur, ga ƴarta Zara mai shekara sha ɗaya, ga ɗanta Abbakar mai takwas, kansa kamar dutsen niƙa. Ƴaƴan ƴan kasuwa ana ɗura su a mota zuwa Damagaram wurin kakanni. Ƴaƴan mai tattasai fa? Gulbi, ba sai an nuna musu hanya ba.

Fanna ta dubi tsohon amalanken Maina da ke tsakar gida, ƙafa ɗaya ta ɓalle, jakin ma ya daɗe da mutuwa, ta ce, “Ga motarku nan. Gobe sai Damagaram.”

Kuɗin mota ƙwarya guda ce ta busasshen tattasai, a cire masa hanci tas. Kun ji muguwa, har wasa sai ta ci riba. Tike kuwa yagen tsohon littafin lakwal, ta dangwala masa yatsa da baƙin tukunya. Abbakar direba, murfin tukunya sitiyari. Ita ce jandarma mai tare motoci a hanya, Shef suke ce mata, da usur na roba da ya zo cikin alawa. Doka ɗaya ce: usur ya yi ƙara, kowa ya ƙame inda yake har a kira shi ya miƙa tike. Wanda ya motsa, an sauke shi, ya zauna yana kallon mota ta tafi.

Matar da ba ta taɓa wuce garin Maine ba, sai ga ta tana ba da labarin Yamai, wai can har awaki da takalmi suke yawo. Yara suka haɗiye. Hidaya, ƴar Ɗan Azumi mai kanti, mai shekara bakwai, ta ƙi motar gaske da kuka da birgima, ita ta Ya Fanna take so. Uwarta Fati ta gaji, ranar da za ta tafi Damagaram ta kawo ta da ƴar jakarta.

“Ya Fanna, ga amana. Wannan ba ta san ruwan da ya wuce na randa ba.”

“Je ki abinki. Ko ƙuda bai sauka kanta sai da tike.”

Ruwa ya iso Difa daidai lokacin da garuruwa suka ƙare wa Fanna. An je Gure sau huɗu, Makka sau biyu. Zara, da ke kiran uwarta Ya, ta ce, “Ya, Najeriya fa? Ga ta nan tsallake.” Yabo ya riga ya kumbura wa Fanna kai. Ta shimfiɗa shuɗin zane a ƙasa ta ce ga Komadugu, ta sauko da ƙaton goran da Maina ke hawa ya ƙetare, ta koya musu yadda ake kifa ciki a kansa ana tuƙi da hannu. Da hannunta, wallahi.

A gidan Fanna yaro ba ya fita ba takalmi, saboda ƙarangiya. Shi ya sa ba ta ƙirga kawuna, takalma take ƙirgawa a ƙofar ɗaki. Washegari bayan azahar ta ƙirga: shida. Barci suke, in ji ta. Ta hau dakan tattasai. Ta ɗaga kai ta share gumi, idonta ya sauka kan ƙusar da ake rataye gora. Ƙusa ce kawai.

Ba ta ma leƙa ɗakin ba. Ta fita da gudu, ba mayafi, taɓarya ta faɗi bayanta.

Daga kan gaɓa ta hango su. Abbakar a gaba, ruwa iya ƙugu, yana tura gora. Zara a baya, riƙe da hannun Hidaya, ita kuwa ruwan ya kai mata ƙirji. Kuma sun miƙe ɗoɗar wajen kututturen giginya, inda Fanna ta san ramin lambun Alkali yake tun rani.

Ihu ya taso mata har maƙogwaro. Ta danne shi. Ta san ɗanta: in ya ji ihun uwa, duka zai tuna, gaba zai yi. Khalilu ma ihu aka yi masa. Ta lalubo usur a bakin zane.

Ta busa.

Su ukun suka ƙame. Ƙafar Abbakar ɗaya a sama take cikin ruwa.

“Kontrol!” in ji Fanna, muryar kamar ta aro. “Direba, kashe mota.”

“Shef, mun kusa Najeriya fa.”

“Wa ya dangwala muku tike? Kai, direban banza, ajiye ƙafar nan baya. Baya na ce! Kan sawunku za ku dawo, ɗaya bayan ɗaya. Hajiya ƙarama tukuna.”

Hidaya ta fashe da kuka. “Shef, tikena ya jiƙe.”

“Kawo shi haka. Taho. Taho dai.”

Hidaya ta fito, Zara ta fito. Abbakar ya tsaya yana duban gora, yana duban tsallake. Fanna ta ɗaga usur zuwa baki.

“Na busa na biyu, ba ka ƙara riƙe sitiyari har a koma lakwal.”

Ya saki goran ya juyo. Gora ya tafi abinsa yana juyi.

Ba ta duki kowa ba, abin da har yau maƙwabta ba su yarda da shi ba. Ta zare doguwar sandar shingen Alkali, ta shiga ruwa har inda Abbakar ya tsaya, ta soka ta taku ɗaya gaba. Sanda ta tafi, ta tafi, har ruwa ya taɓa mata wuyan hannu, ba ta sami ƙasa ba. 

Da ta fito ta zauna daɓas cikin taɓo, hawaye na zuba. Zara ta ce, “Ya, kuka kike?”

“Tattasai ne a hannuna, ƴar banza.”

Maina ya dawo yana ƙunƙunin gora, ta ba shi amsar da ta sa ya ci tuwonsa a zaure. Fati ta dawo daga Damagaram, Hidaya ba ta bari ta ajiye kaya ba ta zayyane mata komai, suna ya bi gari. Fati ta yi kwana uku ba ta gaishe da Fanna ba, rana ta huɗu ta aiko da sabon usur na ƙarfe.

Sauran hutun duk a hamada aka yi shi: Agadas, Bilma, a sake komowa Agadas, inda ko ruwan wanke hannu Fanna ba ta bari ya shiga labari ba. Kuma daga ranar, kowace azahar sai ta shiga ɗaki ta taɓa kawuna ɗaya bayan ɗaya, takalma kuwa ko kallonsu ba ta yi.