Zakin da Na Naɗa wa Rawanin Baba

Ina tsaron shagon cajin waya a Gwarzo na kamu da wani wasan kati na intanet, irin wanda dodanni da matsafa ke gwabzawa. Buga shi bai dame ni kamar ƙirƙira ba. Akwai dandalin masoya wasan inda kowa ke ƙago katinsa, ya rubuta baiwar da yake da ita, sauran su yi masa caa da gyara. Ni kuwa ko a gida an san ba na son gyara.

Katin da na fi ji da shi na sa masa suna Mai Raba Gardama. Da ya sauka fili faɗa zai tsaya, kowa ya mayar da takobinsa kube. 'Yan dandalin suka ce ya yi ƙarfi da yawa, kati ba ya samun irin wannan baiwa sai ya rasa wani abu. Na ce hassada ce kawai. Wani abokina ɗan Gammo ya zana mini shi: tsohon zaki da rawani da sanda, da tabarau mai karyayyiyar ƙafa ɗaure da zare. Tabaraun Baba ne, ni na ce a saka. Baba ne mai unguwar ƙauyenmu a yankin Lakwaya, kuma wallahi don ƙauna na yi.

Na ɗora a sitatus da safe. Kafin azahar yayana ya kira.

"Ka zo, Baba na nemanka. Gari ya ɗauka ka mayar da shi dabba, ka sa shi a caca."

Na hau babur na nufi gida. Baba ba ya ɗaga murya, hukunci yake yankewa, kuma ba ya janyewa. Na san yadda ta kaya da Baffa, ƙaninsa ciki ɗaya. Rigimar iyakar gona ce ta haɗa shi da maƙwabci, Baba ya ba maƙwabcin gaskiya, Baffa ya kaɗe rigarsa ya fita. Bai sake tako gidanmu ba, buzunsa na nan a zaure ba mai hawa. Tsorona kada ni ma a ce in nemi wani gidan.

Na tarar da Baba a zauren da dattawa biyu. Na durƙusa na gaishe su, suka amsa a daƙile, shi bai amsa ba. Ya miƙo hannu, na ba shi wayar. Ya daɗe yana kallon zakin ta cikin tabaraun nan.

"Kuɗi ake sakawa?"

"A'a Baba, ko sisi."

Ɗaya dattijon ya ce, "Ranka ya daɗe, ko ba caca, wannan ai cin fuska ne." Baba ya ɗaga masa yatsa.

"Rubutun nan na ƙasa, me ya ce?"

Na fassara masa. Na ce in zakin ya fito faɗa ya ƙare, kowa ya koma lafiya.

"Shi kuma me ke samunsa?"

"Ba komai, Baba."

Ya ajiye wayar a kan tabarma.

"Zama zaki bai dame ni ba. Ƙaryar da ka yi mini ce ta dame ni. Wa ya gaya maka ana raba faɗa a tashi ba komai?"

Ya turo mini wayar da bayan hannu.

"Rawanin nan ba naka ba ne, ba nawa ba ne, ka cire shi yau. Sannan ka rubuta: duk sanda ya raba faɗa, ɗaya daga cikin nasa zai fita, ba zai dawo ba."

Nan a durƙushe na rubuta, ina ɓata ina sakewa, domin idona ya cika. Daga baya 'yan dandalin sun ce katin ya daidaita, har suna tambaya ina na samo dabarar.

Ya ce in shiga in gaida Inna, akwai tuwo. Da na kai ƙofar cikin gida na waiwaya. Dattawan na ta neman takalmansu, shi kuma ya miƙa hannu yana gyara bakin buzun Baffa da ya naɗe.